Wasiƙa ga abokan cinikinmu: banish ko mai a daɓen katako?

Assalamu alaikum, abokan hulɗarmu masu daraja.

Bayan gaisuwa, mun ga ya dace mu amsa tambayar da kuka fi yi mana a wuri ɗaya: me za a shafa wa daɓen katako, banish ko mai? Galibi da ido ake zaɓe, a ɗauki wanda ya fi sheƙi. Mu shawararmu ita ce ku fara tuna ranar gyara, domin a nan bambancin yake fitowa.

Banish na foliyuretan kwanciya yake yi a saman katako kamar fata. Ruwa ba ya ratsa shi da wuri, kuma ba ya neman hidima kullum. Amma ranar da ƙafar kujera ta karce shi, faci ba ya ɓuya. Iyakarsa za ta fito kowa yana gani, sai dai a sake ɗakin baki ɗaya. Banish ɗin iri biyu ne: mai haɗin mai da mai haɗin ruwa. Mai haɗin mai yana da wari sosai, yana ja zuwa rawaya da shekaru, ana kuma jira awa 8 zuwa 24 kafin a sake shafawa. Mai haɗin ruwa awa 2 zuwa 4 ya bushe, warinsa kaɗan, yana barin katako da launinsa. Kowanne sau uku muke shafa shi, lita ɗaya tana cin wajen murabba'in mita 10 a kowace shafa. Ke nan ɗaki mai mita 4 da mita 5 zai sha kusan lita 6.

Man da aka haɗa da kaki kuwa cikin katakon yake shiga. Shafa biyu marasa kauri sun isa, lita ɗaya tana kai murabba'in mita 20 ko fiye. Wurin da ya lalace shi kaɗai ake gogewa, a shafa mai, ya saje da sauran. Sai dai yana son a riƙa sabunta shi duk shekara ɗaya ko biyu a inda ake yawan takawa. Wanda ya san ba zai samu lokacin wannan ba, ya ɗauki banish, musamman a kicin. Kuma ya ɗauki marar sheƙi, don mai ƙyalli shi ya fi tona kowane karce.

Rabin matsalolin da ake ɗora wa banish daga shiri suke. Katako ya bushe tukuna. Idan na'urar awo ta nuna danshin da ya wuce kashi 12 cikin 100, a dakata, in ba haka ba zai tsuke daga baya ya buɗe baki tsakanin alluna. Sanfefa bi da bi ake hawa, daga mai kaushi zuwa mai laushi: lamba 40, sai 60, sai 80, sai 100. Wanda ya tsallake daga 40 zuwa 100 ba zai ga komai a busasshen katako ba, amma da an shafa banish layukan za su fito raɗau, musamman da rana ta shigo ta taga. A zuƙe ƙura kaf, har ta kan taga da saman ƙofa. Itace mai maiƙo irin tik da iroko a goge shi da tina, ya sha iska, kafin shafar farko, don maiƙon yana hana banish kamawa.

Kada a girgiza gwangwanin banish, a juya shi a hankali da sanda. Girgiza tana cika shi da kumfa, kumfar kuma ta bushe a daɓe ta zama ƙuraje. Shafa mai kauri ma ba ta rage aiki: sama ya bushe, ƙasa na nan ɗanye, sai ya yamutse. Tsakanin shafa da shafa a bi da sanfefa lamba 220 sama-sama.

Ga wani abu da bai kamata a yi wasa da shi ba. Tsumman da aka shafa mai da shi, in aka dunƙule aka jefa a kwando, yana iya ɗaukar zafi ya kama da wuta da kansa. A shanya shi a buɗe a waje, ko a tsoma shi a ruwa cikin gwangwanin ƙarfe mai murfi.

Bushewa daban, ƙwari daban. Bayan kwana ɗaya ana iya takawa da safa, amma banish mai haɗin ruwa yana son kamar mako ɗaya kafin ya yi ƙwari, mai haɗin mai har kwana 30. Kafin nan ba a shimfiɗa kafet, kaya kuma ɗagawa ake yi, ba ja ba.

Yashi ne babban mai cin daɓe, saboda haka a sa abin goge ƙafa a bakin ƙofa, a liƙa tsumma mai laushi a ƙasan ƙafafun kujeru. Abin goge-goge a matse shi sosai. Ban da bilic, ban da injin tururi, ban da kwara ruwa. Sai man sa sheƙi mai kaki ko silikon da ake fesawa: kwana biyu yana burgewa, amma yana barin santsin da zai sa sabon banish ya ƙi zama, ya riƙa ɓarewa. Wanda ya taɓa amfani da shi ya gaya mana kafin mu fara aiki.

Don sanin lokacin gyara, ku ɗiga ruwa kaɗan a inda aka fi takawa. In ya tsaya dunƙule, lafiya lau. In ya shige a hankali katakon ya yi duhu, lokaci ya yi da za a bi da sanfefa mai laushi a ƙara shafa ɗaya, aikin yini guda. In aka bari har katakon ya yi toka-toka, sai babban injin goge katako, shi kuma yana cin kusan milimita 1 a kowane zuwa. Allon da aka liƙa wa siririn katako mai milimita 3 a sama sau ɗaya ko biyu kawai zai jure haka, don haka ku duba kaurin naku kafin ku kira mu da injin.

Mun gode da amanar da kuke ba mu.

Naku,
Ma'aikatan sashen daɓen katako