Wanda ya riga ya shaƙi ƙurar asbesto fa, me zai yi?

Malam Edita, assalamu alaikum.

Don Allah a ba ni ɗan fili in yi magana kan asbesto, wannan da ake yin kwanon rufi da silin da bututun ruwa da shi, har da birkin mota. Kullum abin da ake cewa shine a guje shi, to madalla, amma magini ko kafinta ko makanike da ya shekara da shekaru yana yanka shi yana fasa shi yana shaƙar ƙurar fa? Ba wanda ke masa magana, kuma shine ya fi buƙata.

Gaskiya ɗaci gare ta, zare-zaren nan na cikin ƙurar asbesto da ido baya gani in sun shiga huhu ba ƙwaya ko allurar da ke fito da su, kuma ciwon baya nunawa da wuri, sai bayan shekara 10, 20, wani ma 40. Yana kawo tabo a huhu da kansar huhu da wata kansar da ke kama fatar da ta lulluɓe huhun, mesoteliyoma. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da mutum 200,000 ke mutuwa duk shekara saboda shaƙarsa a wajen aiki, shi yasa Ingila ta haramta shi gaba ɗaya tun 1999, ƙasashe sama da 50 ma sun hana.

Amma ba duk wanda ya shaƙa ne ke kamuwa ba, kuma akwai abin da ke hannun mutum. Babba shine sigari. Wallahi in har ka yi aikin asbesto kuma kana shan taba to ka daina yau ba gobe ba, domin hayaƙin yana lalata hanyar da huhu ke share dattin cikinsa da ita, in suka haɗu da asbesto haɗarin kansar huhu ninkawa yake yi sosai fiye da kowanne shi kaɗai, kuma wanda ya daina haɗarin nasa na raguwa a hankali ko da ya daɗe yana sha, kar wani ya ce maka ai bakin alƙalami ya bushe. Zama kusa da masu sha ma a rage.

Sai likita. Ko ka ji garau ka je ka faɗa masa da bakinka aikin da ka yi da tsawon shekarun da ka yi, a rubuta a katinka, don in baka faɗa ba yana iya ɗaukar tarin naka na wani abu ne daban. Shi zai ga ko kana buƙatar hoton ƙirji ko gwajin numfashi, ka kuma tambaye shi rigakafin mura da na nimoniya. In ka ga kana haki daga hawa bene ɗaya, ko busasshen tari ya ƙi tafiya, ciwon ƙirji, rama ba dalili, ko kan yatsunka ya kumbura farce ya lanƙwashe, kar ka tsaya jiran ya wuce.

Abin da ya fi damuna shine iyali. Mutum ya dawo gida tufafinsa fari fat da ƙura, matarsa ta kakkaɓe kafin ta wanke, yara na wasa a gefe, duk sun shaƙa. An sha samun matan da suka kamu ta haka alhali basu taɓa taka wajen aikin ba. A cire kayan aiki a can, a yi wanka a can.

Kuma kar a ƙara a kan wanda aka riga aka shaƙa. Silin ko kwanon da bai fashe ba a bar shi, kar a huda kar a goge. In ya karye a jiƙa shi da ruwa kafin a taɓa, banda shara a bushe, kuma takunkumin hanci na yadi baya tare wannan ƙura sai mai matata ta musamman. Cirewa kam aikin waɗanda aka horar ne.

Ina roƙon jaridarku ta nemo likitan huhu ya amsa tambayoyin ma'aikata a kan wannan.

Na gode,
Mai karatunku a kullum.