Wasiƙa Daga Accrington Kan Sunayen da Ke Jikin Bangon Coci

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana cikin ƙoshin lafiya tare da iyali da su Baba. Dalilin rubuto maka wannan wasiƙa shi ne wani abu da na gani a garin Accrington da ke arewacin Ingila, wanda ya tsaya mini a rai.

Wani abokin aikina ne ya kai ni cocin St John, inda aka keɓe sashe guda domin tunawa da samarin garin da suka mutu a Yaƙin Duniya na Ɗaya. A 1914 hukuma ta yi wa matasa alkawarin cewa duk waɗanda suka shiga soja tare za a bar su a bataliya ɗaya, saboda haka maƙwabta da abokan makaranta da ma'aikatan masaƙa suka yi tururuwa suka ba da sunayensu. A wannan cocin aka yi musu addu'ar bankwana a watan Fabrairun 1915. Ranar 1 ga Yulin 1916, wato ranar farko ta gumurzun Somme a Faransa, kimanin 720 daga cikinsu suka tunkari ƙauyen Serre, kuma 584 aka kashe ko aka raunata ko suka ɓace. Ka duba girman wannan musiba: dabarar da ta haɗa 'yan unguwa wuri ɗaya ita ce ta sa unguwanni da dama suka wayi gari cikin makoki lokaci guda.

Da wuya ka shiga cocin ƙauye a ƙasar nan ba ka tarar da allon tagulla ko sassaƙaƙƙen dutse ɗauke da sunaye a jere ba, wani lokaci ma sunan gida ɗaya ya fito sau biyu ko uku. Dalili kuwa shi ne hukuma ta hana dawo da gawarwaki gida, aka binne kowa kusa da inda ya faɗi, wasu ma ba a ga gawarsu ba sam; a ginin tunawa da ke Thiepval a Faransa kaɗai akwai sunaye fiye da 72,000 na waɗanda ba a san kabarinsu ba. Uwar da ba ta da kabarin da za ta ziyarta sai ta nemi a rubuta sunan ɗanta a inda aka yi masa baftisma, inda kuma take zama kowace Lahadi. Mutanen gari ne suka yi karo-karo suka biya, kuma har yau a cikin watan Nuwamba ana taruwa, a coci da yawa a karanta sunayen ɗaya bayan ɗaya, a yi shiru na minti biyu.

Ina tsaye a wurin sai ƙanen kakanka ya faɗo mini a rai, wanda ya tafi yaƙin Bama (ƙasar Myanmar ta yanzu) a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu bai dawo ba, Allah ya jiƙansa. Mutanenmu sun yi yaƙi a Kamaru da Gabashin Afirka, daga baya kuma suka bi runduna ta 81 da ta 82 zuwa dazukan Bama, amma ban taɓa ganin sunayensu a garinmu ba. Wasu an rubuta su a maƙabartar Taukkyan kusa da Yangon, inda ƙafar danginsu ba ta taɓa takawa ba. A 2021 hukumar kula da kaburburan sojojin Kwamanwel ta amsa cewa aƙalla mutum 116,000 na yaƙin farko, akasarinsu 'yan Afirka, ba a adana sunayensu ba, ta kuma nemi afuwa. Na san mu addu'a da sadaka muka gada, ba sassaƙa dutse ba, amma ita ma addu'ar tana bukatar wanda ya riƙe sunan, ga shi dattawan da suka san su suna ta ƙarewa.

Don Allah ka zauna da Baba ka tambaye shi cikakken sunan marigayin, da shekarar da aka ɗauke shi soja, da lambarsa idan akwai wata takarda da ta rage a gida. Idan ka aiko mini, zan bincika kundin hukumar, ko Allah zai sa mu gano inda aka rubuta shi kafin ranar 'yan mazan jiya, 15 ga Janairu.

Ka gaishe mini da mutanen gida baki ɗaya.

Wassalam,
Naka amini.