Ba haram muka ci ba, Malam

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Don Allah a karanta wasiƙar nan yadda na rubuta ta, kada a yanke mata kai da ƙafa.

Abin da malamin nan ya gaya wa baiwar Allah da ta kira daga Idi-Araba a shirinku na rediyo na daren Juma'a bai dace ba, kuma har yanzu raina bai huce ba. Mace ta kira muryarta na rawa, ta ce ta yi azumi, ta yi tsayuwar dare, ɗanta ya rasu duk da haka, tana tambayar ina addu'arta ta tafi. Ko ta'aziyya bai yi mata ba. Buɗar bakinsa sai ya ce ta koma ta binciki abin da suke ci a gidansu, wai haram ke tare addu'a. Mai gabatarwa kuma ya ce Allah ya saka da alheri, aka wuce kira na gaba. Haba jama'a!

Ni da mai ɗakina muna zaune a tabarma muna saurare. Ban san lokacin da ta tashi ba, kukanta kawai na jiyo daga ɗaki. Da na shiga, tambayar da ta yi mini ita ce: "Baban Ummi, ko mu ma wani abu muka ci?" Na daɗe ina fama da ita ta daina ɗora wa kanta laifi, mutum ɗaya ya rushe mini aikin cikin minti biyu.

Ummi muke ce mata, don sunan mahaifiyata aka sa mata. Da sikila aka haife ta, ta yi shekara 9 a duniya. Wanda bai taɓa jinyar mai wannan ciwo ba, ba zai gane ba. In ciwon ya tashi cikin dare, ko zanen gado ya taɓa ƙafarta sai ta ƙwala ihu. Takan riƙe babban yatsana ta matse, tana cewa "Baba, ƙashina, Baba, ƙashina", ni kuwa ba abin da nake da shi sai Fatiha da man zafi. Tun da aka hana acaba a yankinmu na Ketu a 2022, goya ta nake yi a baya har bakin titin Ikorodu, in tsaya jiran danfo ko Keke. Ba irin addu'ar da ba mu yi ba. An sauke mana Alƙur'ani a masallacin kasuwa, na yi sadakar ƙosai da waina ranakun Juma'a, uwarta ta yi azumin Litinin da Alhamis har ta rame, wani ɗan'uwa da ya je Umara ya kawo mana zamzam a ƙaramar jarka.

Ta rasu ana saura kwanaki kaɗan a kama azumin 2023, lokacin nan da takardun kuɗi suka yi ɓatan dabo. A asibiti aka ce a kawo kuɗin leda biyu ta jini. Kuɗina na cikin asusu, na tura sau uku ya ƙi tafiya, masu POS sun rufe. Wata Bayarabiya Kirista da ke jinyar ɗanta a gadon da ke kusa da namu ita ta kwance bakin zanenta ta miƙa mini abin da ke ciki, ta durƙusa kusa da matata tana nata roƙon da harshensu. Kafin jini ya iso, Allah ya karɓi abarsa.

To, Malam, haram ɗin me muka ci? Tun 2004 nake kasuwar Mile 12. Ƙarfe huɗu na asuba a bakin mota take yi mini, muna sauke kwandunan tumatir da aka ɗoro daga Kwanar Gafan da Zariya da Jos. Ban taɓa shimfiɗa ruɓaɓɓe a ƙasan kwando in rufe da mai kyau ba, abokan sana'ata shaida ne. Da guminmu aka sayi kowace ƙwayar magani da yarinyar nan ta sha.

Hadisin da ya jawo ba na musunsa. Ingantacce ne, shi ne na 10 a Arba'una, mun haddace shi tun muna Islamiyya: mutumin da ya yi doguwar tafiya, kansa birkice, yana ɗaga hannu sama, alhali cinsa da shansa da suturarsa duk haram ne. Amma gargaɗi ne domin kowa ya duba kansa. Ba a ba malami shi don ya zama bulalar dukan uwar da ta binne ɗanta ba. Ya san gidanta? Ya san sana'ar mijinta?

Kuma in dai wahala shaidar zunubi ce, me zai ce game da Fiyayyen Halitta, Sallallahu Alaihi Wasallam? 'Ya'ya 7 Allah ya ba shi, 6 sun riga shi rasuwa, Nana Faɗima kaɗai ta rage. Ya rungumi ɗansa Ibrahim, yaron da bai kai shekara 2 ba, yana fitar rai, hawaye na zuba, ya ce ido na zubar da hawaye, zuciya na baƙin ciki, amma ba ma faɗin komai sai abin da Ubangijinmu ya yarda da shi. Akwai wanda addu'arsa ta fi tasa karɓuwa? A shekara guda ya rasa Nana Hadiza da baffansa Abu Ɗalib. Annabi Yaƙub ya yi kukan Yusuf har idanunsa suka yi fari. Annabi Ayuba ya kwanta ciwo har ya kai kukansa ga Ubangiji, yana nan a Suratul Anbiya. Su ma za a ce su binciki tukunyarsu? Ai Annabi da bakinsa ya ce annabawa su suka fi kowa shan jarrabawa, sai masu bi musu. Ƙaruna kuwa, da ƙyar ƙarfafan maza ke ɗaukar makullan taskarsa. Mu ma a Legas ɗin nan muna ganin waɗanda ba sa kallon gabas, ga gidaje, ga motoci, 'ya'yansu ko mura ba sa yi.

Amsar matar nan tana nan, kuma malamin ya san ta. Hadisin Abu Sa'id ya ce Musulmi ba zai yi addu'ar da babu saɓo ko yanke zumunci a cikinta ba face an ba shi ɗayan uku: a gaggauta masa abin da ya roƙa, ko a ajiye masa zuwa lahira, ko a kawar masa da wani sharri kwatankwacinta. Minti ɗaya ya isa ya faɗa mata wannan, ta kwana da sanyin zuciya. Ni da wannan hadisin nake rayuwa. Na roƙi ran Ummi, ba a ba ni ba. A daren ƙarshe, da na ga yadda take murƙususu, sai na canza roƙo, na ce ya Allah ka sassauta mata. Wajen ƙarfe biyu ta saki yatsana, ta yi barcin da ta kwana uku ba ta samu ba, a cikinsa ta cika. Babu mai gaya mini ba a ji ni ba.

In ma dalili ake nema, likita ya yi mana bayani tun tana goye. Rukunin jinina AS ne, na uwarta ma AS, kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi mai sikila. Da muka yi aure a ƙauye ba wanda ya taɓa ce mana a yi gwajin jini. Jihar Kano ta kafa dokar gwaji kafin aure a 2024. Da malamin ya yi amfani da bakinsa ya ja hankalin matasanmu na Agege da Alaba Rago da Obalende su je a gwada su kafin a kai kuɗin gaisuwa, da ya ceci rayuka. An ce a ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali.

Ina roƙon ku dawo da shi ya ba baiwar Allah nan haƙuri a filin da ya yi mata wannan magana. In ya ƙi, ku nemo wani malamin ya gyara, Allah bai hana mu masu ilimi da tausayi a garin nan ba. Mai gabatarwar ma a ja masa kunne, ba kowace magana ake ce wa madalla ba.

Tunda na ɗauki biro, bari in ƙara da wannan. Farashin kayan gwari da kuke karantawa safiyar Litinin, wa ke ba ku shi? Makon jiya kun faɗi kuɗin kwandon tumatir na kwana goma da suka wuce, mata suka zo suna ce mana macuta, wai a rediyo suka ji. Farashinmu tsakanin asuba da hantsi ma yana canzawa, ya danganta da yawan motocin da suka shigo. Ku turo wakilinku kasuwa ya tambaya da bakinsa, ko ku daina.

Matata ta ce in tambaya ko za ku iya isar da ta'aziyyarta ga matar Idi-Araba. Ta ce a gaya mata tana sa ɗanta a addu'a tare da Ummi.

Wassalam,
Baban Ummi,
Kasuwar Mile 12, Legas