Takardar Koke Kan Ruwan Kogin Challawa

Zuwa ga Mai Girma Hakimi, ta hannun Dagacinmu.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, Allah ya ja zamaninka, ya ƙara maka lafiya da adalci. Mu talakawanka mazauna bakin Kogin Challawa muna neman afuwa kafin mu yi magana.

Daren Talatar nan an sake sako ruwan dattin masana'antun jimar fata cikin kogin. Da asuba kogin ya koma baƙi-baƙi mai shuɗi, yana warin ruɓaɓɓen ƙwai, kifaye sun taso ciki sama, yaran da suka je ɗiba sun dawo ƙafafu na ƙaiƙayi. An sha rubutawa, an sha zuwa dubawa, an ɗebi ruwa a kwalba an tafi, shiru kake ji.

Ba mu zauna ba, ranka ya daɗe. Matanmu na tace ruwan da irin zogale. Busasshen iri ake ɓarewa, a daka farin ƙwayar, a tankaɗe. Jarka mai lita 20 tana cin ƙwaya 10, in ruwan ya yi kauri har 20. A kaɗa garin cikin kwalbar ruwa mai kyau minti 5, a tace da ƙyalle, a juye cikin jarkar, a motsa da ƙarfi minti 2, a hankali minti 10, a bar shi awa 2. Laka ta kwanta, ta ja wani kaso na kiromiyam, ƙarfe mai guba da ake jima fata da shi, da ya manne mata.

Wani kaso kawai. Kiromiyam ɗin da ya narke yana iya saura ko ruwan ya yi garau, tafasawa kuma ba ta kore shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade miligiram 0.05 a lita, mu da ido muke awo. Gari in ya yi yawa ruwan na wari kashegari. Lakar gindin jarka guba ce, amma a fili bayan gidaje ake zubarwa, kaji na tona.

Muna roƙon a kai ruwanmu Jami'ar Bayero a auna, kafin zogale da bayansa, a karanta mana sakamakon a ƙofar Dagaci. A ware ramin zuba lakar nesa da rijiyoyi. A haƙa mana burtsatse. Masu sako ruwan da dare kuma a kira su gabanka, su tace dattinsu tun daga masana'anta, don ba aikin turmin matanmu ba ne. Awon nan dai, ranka ya daɗe, a yi shi kafin ruwan sama ya wanke shaidar.

Allah ya ƙara girma.

Talakawanka, manoman rani da masunta na bakin kogi.