Zuwa ga Abba, kan maganar ƙarin kuɗin makaranta

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ya karatu, ya sanyin Jos? Mu nan Abuja lafiya lau, sai godiyar Allah.

Mahaifiyarka ta gaya mini an saka ka cikin kwamitin ɗaliban da za su zauna da hukumar makarantarku kan ƙarin kuɗi. Tun ranar ba ta runtsa ba, so take in hana ka. Ba zan hana ka ba. Ni na biya kuɗin rajistar bana, na kuma san adashin wanda aka kwashe kafin ya cika. Ranar da ka turo hoton rasit, sai da na cire tabarau na goge na sake dubawa.

Amma ka ji abin da nake so ka shiga ɗakin da shi. Za su ce maka jami'ar tarayya ba ta karɓar kuɗin koyarwa, kuma a takarda gaskiya suka faɗa. Abin da muke biya sunansa caji: na rajista, na jarrabawa, na asibiti, na ɗakin gwaji, na intanet. To kada ku tsaya gardamar suna. Ku nemi a warware muku shi layi-layi, nawa ne na me, bara nawa aka tara, me aka yi da shi. Idan an karɓi kuɗin ɗakin gwaji alhali ku ne ke sayen kayan gwajin da aljihunku, ku ajiye rasit ɗin a kan tebur. Mai ihu ana jira ya gaji, mai lissafi kuwa sai an ba shi amsa.

Kuma ka yi musu adalci. Tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayun 2023, dizal da wuta sun yi wa kowace makaranta tsada. Kaza ce aka matsa, ta huce kan dami. Rabin ƙorafinku na nan Abuja ne, wurin masu tsara kasafi. Ku rubuta wa 'yan majalisarku, ku tuna musu cewa mafi ƙarancin albashi naira 70,000 ne, a wasu makarantun bai kai rajistar yaro ɗaya ba. Asusun TETFund da ke gina muku azuzuwa ma ba kyauta ya faɗo ba, gwagwarmayar malaman jami'a ce ta 1992 ta haife shi.

Za a kuma nuna muku NELFUND, asusun ba ɗalibai rance na gwamnatin tarayya, a ce an gama magana. Ban raina shi ba, babu ruwa a ciki, ga naira 20,000 na kashewa duk wata. Sai dai bashi sunansa bashi, shekara biyu bayan hidimar ƙasa za a waiwayo ku. Ku nemi a bari a riƙa biya kashi-kashi, kada kuma a rufe rajista a kan wanda kuɗinsa bai iso ba. Ka tuna abokinka da ka ce ya ajiye karatu yana lodin tumatir a Farin Gada. Irinsa ba sa zuwa taro, kunya ke ɓoye su. Ku bi su ɗaya bayan ɗaya ku san yawansu.

Yanzu abin da ke hana mahaifiyarka barci. A 1978 an ƙara wa ɗalibai kwabo hamsin a kuɗin abincin yini, aka yi zanga-zangar da ake kira Ali Must Go, da sunan Kanar Ahmadu Ali mai riƙe da ma'aikatar ilimi. An harbe ɗalibai a Legas da Zariya, aka soke ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa. Baffanka yana Samaru lokacin, ni ina yaro, ban manta kakarka zaune a bakin ƙofa da carbi ba har ya dawo.

Jos kuma ka san halinta. A can na girma. Taron da ya fito don kuɗin makaranta, kafin ya kai Terminus wani ya sa masa rigar addini ko ta ƙabila. Don haka ban yarda a tare hanya ba, ban yarda da ƙona taya ba. Kwamitinku ya haɗa kowa, ɗan Gangare da ɗan Tudun Wada, mai zuwa masallaci da mai zuwa coci, su sa hannu a takarda ɗaya. Duk ɗan siyasar da ya aiko muku da kuɗin mota ko riguna, ku mayar masa da abinsa, ko da murmushi ya zo. Kada kuma ka sa hannu a abin da ba ka karanta ba.

Darasi fa kada ya wuce ka. Wata takwas kuka zauna a gida a yajin aikin malaman jami'a na 2022, ya isa haka.

Na ba direban da ke tashi daga Nyanya ranar Asabar rigar sanyinka da ɗan garin kunu, zai kira ka in ya iso. Ka kira mahaifiyarka daren yau, muryarka take son ji. Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka.