Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Ministan Ilimi: An Wajabta Turanci, To Wa Zai Koyar Da Shi?

Mai girma Minista, Dakta Tunji Alausa, barka da aiki.

A watan Nuwamba na 2025 ka tsaya a Abuja, wajen taron da British Council ta shirya, ka sanar da soke manufar koyar da yara da harshen uwa, wadda aka amince da ita a 2022 zamanin Malam Adamu Adamu. Ka ce daga yanzu da Turanci za a riƙa koyarwa, tun daga ajin share fage har jami'a. Hukuncin bai kwanta mini ba, domin da Hausa na fara gane duniya, amma ba shi ya sa na ɗauki alƙalami ba. Tambayata ɗaya ce: wa zai koyar da Turancin?

Ni Ingilishi na karanta a jami'a. Karatun shekara 4 ne a takarda, yajin aikin ASUU na wata 8 a 2022 ya ƙara masa tsawo. Mun sha nahawu da ilimin furuci da adabi. Tun ranar da muka shiga sashen 'yan uwa ke cewa, "Ai ƙarshenta alli za ku riƙe." Muka ce mun ji mun gani, koyarwa ba abin kunya ba ce. Sai da muka gama bautar ƙasa muka tarar ko wannan ƙofar a rufe take. A wurin hukumar rajistar malamai ta ƙasa, TRCN, mai digirin Ingilishi zalla ba malami ba ne sai ya koma ya yi PGDE, wato difloma ta koyarwa bayan digiri, sannan ya zauna jarrabawarta. Ban ƙi sharaɗin ba, sanin harshe daban, iya cusa shi a kan yaro daban. Amma da wane kuɗi wanda bai taɓa karɓar albashi ba zai koma makaranta? Wanda ya ci bashi ya yi kuma, ina aikin?

Yau wata makarantar kuɗi nake koyarwa. Aji uku na babbar sakandare suna hannuna, Ingilishi da adabi, kullum dare ina kan tabarma da jan biro ina duba insha'i. Abin da ake ba ni bai kai mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 ba, lokacin dogon hutu kuwa ko sisi. Cikin abokan karatuna akwai mai sana'ar POS, akwai mai tuƙa adaidaita sahu. Sana'a ce, Allah ya sa musu albarka. Abin da ke ci mini rai shi ne a makarantun gwamnati na ƙauyukanmu za ka iske wanda ya karanta wani fanni dabam, ko ɗan bautar ƙasa mai shirin tafiya, shi aka danƙa wa darasin Ingilishi. Ga masu ilimin a titi, ga yara a aji babu malami.

Ka fi ni sanin abin da ya faru a WAEC ta 2025. Ɗalibai sun rubuta takardar Ingilishi cikin dare da hasken fitilar waya. Aka fara cewa kashi 38.32 ne suka sami kiredit biyar haɗe da Ingilishi da lissafi, daga baya aka gyara zuwa 62.96. Wannan darasi guda shi ke tsare ɗan talaka a bakin ƙofar jami'a, shekara da shekaru yana maimaita jarrabawa.

An sha yi mana alkawari. A Ranar Malamai ta Duniya ta 2020 gwamnatin marigayi Muhammadu Buhari ta yi alkawarin tsarin albashi na musamman ga malamai da ɗaukar masu digirin koyarwa aiki kai tsaye. A 2021 aka ƙara da alawus na Naira 75,000 duk zangon karatu ga ɗaliban fannin ilimi. Ritaya a shekara 65 ta zama doka a 2022, sauran fa? N-Power da ta ɗan rufa wa wasunmu asiri an dakatar da ita a 2023. Alkawari kaya ne, kuma kujerar da aka yi shi a kanta ita kake kai yanzu.

Na san za a ce firamare da sakandare na jihohi ne. To, makarantun haɗin kai na tarayya naka ne, inda malaman da ƙungiyar iyaye da malamai (PTA) ke biya suka tsufa suna jiran takardar aiki. Hukumar ilimin bai-ɗaya UBEC, da TRCN, da cibiyar horar da malamai NTI ta Kaduna duk ƙarƙashinka suke. Don Allah, ranka ya daɗe, a bar mai digirin Ingilishi ya yi PGDE a NTI kyauta cikin shekararsa ta bautar ƙasa, kuma a tsaya wa jihohi a kan ɗaukar malaman harshe kafin su karɓi kuɗin UBEC.

Akwai batun fassara da tafinta a kotu da aikin jarida, waɗanda ya kamata hukumar kula da jami'o'i NUC ta ba su ƙarfi a manhajarmu. Wannan sai wani jiƙon.

Abin da nake jira daga ofishinka shi ne adadi da rana: malaman Ingilishi nawa za a ɗauka, kuma yaushe za a fara.

Naka,
Wani malamin Ingilishi daga Kano