Kano Zuwa Jidda: A Riƙa Fayyace Wa Matafiya Lissafin Lokaci

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili in yi magana kan abin da ke rikita masu zuwa Umra daga Kano, wato awa nawa jirgi ke yi kafin ya isa Jidda.

Daga filin jirgin Malam Aminu Kano zuwa na Sarki Abdul'aziz, in aka miƙe sak, kimanin kilomita 3,400 ne. Babban jirgin fasinja kan ci kusan kilomita 850 a awa idan ya daidaita a sama, ka ga awa 4 ke nan. To amma ba da wannan gudun yake tashi ba, ba kuma da shi yake sauka ba. Akwai jan jiki zuwa titin tashi, da hawa, da gangarowa, wani lokaci da shawagi ana jiran izinin sauka. In aka haɗa, sai a tasam ma awa 5. Iskar can sama ma tana da nata: in ta biyo bayan jirgi ta rage, in ta tare gabansa ta ƙara, shi ya sa zuwa da dawowa ba su cika zama ɗaya ba.

Miƙaƙƙiyar hanyar kuwa ta kan Chadi da Sudan ta bi. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 aka rufe sararin samaniyarta, dole jirage suka koma kewaye, tafiya ta ƙara tsawo, kuɗin mai ya ƙaru.

Inda aka fi yin kuskure shi ne agogo. Saudiyya ta riga mu da awa 2, kuma lokacin da aka buga a tikiti na garin da aka ambata ne. Jirgin da ya bar Kano ƙarfe 10 na dare aka rubuta saukarsa 5 na asuba, awa 5 ya yi, ba 7 ba. A dawowa sai abin ya juya: ya bar Jidda 1 na rana, ya sauka Kano 4 na yamma, awa 5 ɗin dai ce. Nan ne za ka ga dattijuwa da ƙwayar maganin hawan jini a hannu tana duban agogon da ba a gyara ba, ko masu tarye sun yi cirko-cirko a bakin ƙofa tun hantsi.

A sa hazon hunturu ma cikin lissafi. Daga Disamba zuwa Fabrairu ƙura kan rufe Kano har matuƙi ya kasa hango titin sauka, a jinkirta tashi ko a karkatar da jirgi Abuja. Wanda zai canza jirgi a Alƙahira ko Adis Ababa kada ya yarda da tazarar awa ɗaya a wannan lokacin.

Don Allah masu sayar da tikiti su riƙa rubuta wa fasinja lokacin sauka da agogon Najeriya da na Saudiyya, su gaya masa ya iso fili awa 3 kafin tashi. Haramin namiji kuma ya zauna a jakar hannu, domin sanarwar miƙati tana zuwa ne jirgi na sama, babbar jaka kuwa tana can ƙasa cikin kaya.

Naku,
Wani mai harkar tikitin jirgi, Kano